Tambaya da Amsa: Wace wufa ce ta dace da ƙaramin ɗaki?

Da yawa daga wasiƙun da suka shigo wannan fili a 'yan kwanakin nan a kan wufa suke, akwatin nan mai fitar da bes, wato sauti mai kauri irin dum-dum, a kayan sauti na gida. Damuwar masu tambayar kusan iri ɗaya ce: ɗaki ƙarami, kuɗi a ƙirge, ga maƙwabci bango ɗaya. Mun tsamo shida daga cikin garin Kaduna, mun rage tsawonsu, masu haɗa kayan sauti da gyaransu suka amsa.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ciki da falo nake haya. Falon ƙafa 12 ne tsawo da faɗi, kujeru da teburin talabijin sun riga sun cinye wurin. Ina da ƙananan sifiku biyu masu daɗin murya amma ba su da bes. A wani shago a titin Ahmadu Bello an nuna min wufa mai inci 12 an rubuta 5000W a kwalinta, da wata mai inci 8 an rubuta 70W, kuma ƙaramar ta fi tsada. Wacce zan ɗauka?
Daga wani ma'aikaci, Unguwar Dosa

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. A falo irin naka ƙaramar ce taka, amma bari ka ji dalili don kada gobe a sake ruɗa ka da lamba.

In ka duba 5000W ɗin nan da kyau za ka ga haruffan PMPO a gefenta. Wannan ba ma'auni ba ne tsayayye, kowane kamfani abin da ya ga dama yake rubutawa. Lambar da ake kamawa ita ce mai RMS, domin ita ce ƙarfin da amfilifaya ke iya bayarwa a jere ba tare da ta shaƙe ba. Tun a shago kana iya gane gaskiya. Juya bayan akwatin ka karanta rubutun da ke kusa da inda wayar wuta ke shiga. In an ce tana jan wat 60 ko 80 daga soket, daga ina za ta samo 5000 ta ba ka? Fiyus ma yana tona asiri: mai 2A a kan wutarmu ta bolt 230, abin da aka yi shi ya ɗauka bai wuce wat 460 ba. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

Shi kansa RMS ɗin kada ka ɗauke shi da zafi. In wat ya ninka sau biyu, desibel 3 kacal ake samu (desibel, ko dB, shi ne ma'aunin ƙara), ɗan ƙari ne a kunne. Kafin kunne ya ce ƙara ta ninku sai an hau wajen desibel 10, wato wat ya ninka sau goma. Don haka tsakanin mai 70 da mai 100 babu abin jayayya.

Lambar da ta fi cancantar ka tsaya a kanta ita ce ta zurfi, wadda ake rubutawa kamar 38Hz zuwa 200Hz; Hz ma'aunin kaurin sauti ne, duk yadda lambar ta yi ƙasa haka sautin ke ƙara kauri. Ta farkon kake so ta yi ƙasa. Tsirkiya mafi kauri a jitar bes mai tsirkiya huɗu tana kan 41Hz, saboda haka wufar da ta sauka 40 ko 35 da gaske ta wadatar da mai sauraron kiɗa da kallon ƙwallo. Fina-finan da ke da fashewar bam da rugugin jirgi ne ke neman 30 zuwa 20. Mun ce "da gaske" domin sai ka ga an rubuta ±3dB kusa da lambar kafin ka yarda da ita. In babu, mai yiwuwa wufar tana motsi a wurin amma kunne ba ya jin komai.

Me ya sa ƙarama ta fi tsada? Injiniyoyin sauti suna da wata ƙa'ida da ake jingina wa Josef Anton Hofmann, ɗaya daga waɗanda suka kafa kamfanin KLH a Amurka. Abu uku ne: ƙanƙantar akwati, zurfin bes, da samun ƙara mai yawa da wat kaɗan. Biyu ake samu, na ukun sai a haƙura. Bes tura iska ne. Takardar sifika, wato faifan da ke motsi yana tura iskar, mai inci 12 ta ninka mai inci 8 girman fili fiye da sau biyu, kuma duk lokacin da sauti ya sauka rabi, misali daga 60Hz zuwa 30Hz, sai an tura iska ninki huɗu kafin a samu ƙara ɗaya. Ƙaramar takarda dole ta riƙa tafiya mai nisa gaba da baya, wannan kuma yana cin babban maganaɗisu da amfilifaya mai ƙarfi. Shi ya sa KEF KC62, wadda kowane gefenta bai wuce wajen santimita 25 ba, take ɗauke da sifiku biyu masu inci 6.5 da wat 1000 RMS, SVS 3000 Micro kuma biyu masu inci 8 da wat 800. Waɗannan na masu hannu da shuni ne. Ajin da ya fi kusa da aljihun ma'aikaci su ne irin Edifier T5 da Yamaha NS-SW050, duka masu inci 8. A tsakiya akwai irin SVS SB-1000 Pro, inci 12 ce amma faɗin akwatin inci 13 ne kawai.

Sai batun akwati. Akwai rufaffe, akwai mai hujin iska. Mai huji ya fi ƙara a kan wat ɗaya, amma ya fi girma, kuma ƙasa da inda aka saita hujin bes yana yankewa da sauri. In aka matsa masa za ka ji iska na huci a bakin hujin. Rufaffe ya fi ƙanƙanta, bes ɗinsa yana raguwa ne a hankali, kuma bangon ƙaramin ɗaki yana cike masa abin da ya rage. A ra'ayinmu, ɗaki mai ƙafa 12 rufaffe ya fi dacewa da shi in aljihu ya kai. In mai huji ce ta samu, nemi wadda hujinta ke gaba ko gefe, domin mai huji a baya tana buƙatar tazarar aƙalla taƙi ɗaya daga bango, kai kuwa ba ka da wurin.

Kafin ka biya, leƙa bayan kayanka. Wufar ta zama mai amfilifaya a cikinta, wato mai wayar wutarta. In amfilifayarka ko sifikunka suna da mafita ta wufa, waya ɗaya mai kan RCA, irin zagayayyen kan nan mai ja da fari na kayan sauti, ta isa. In babu, sai ka nemi wufa mai wurin ɗaura wayar sifika, ko mai shiga da fita ta RCA yadda sauti zai bi ta cikinta kafin ya isa sifikun. Yawancin talabijin ba su da mafitar wufa, kuma ramin HDMI ko na wayar haske ba ya ciyar da ita kai tsaye.

TAMBAYA: Yarana sun saya min wufa sun ajiye a kusurwar falo, mai ƙafa 12 da 16. In na zauna a kujera jikin bango, dum-dum ɗin har ciwon kai yake sa ni, ga taga na karkarwa. Amma jikokina da ke zama a tsakiyar kafet cewa suke yi ba bes, sai su ƙara. Lalacewa ta yi?
Daga wata uwa, Malali

AMSA: Hajiya, barka da ɗawainiyar iyali. Wufarki lafiyarta ƙalau, da ke da jikokin duk gaskiya kuka faɗa. Aikin ɗakin ne.

Sauti yana tafiyar wajen mita 343 a sakan ɗaya. Igiyar sauti mai 40Hz tsawonta ya haura mita 8, ta fi falon naki tsawo. Tana fita ta bugi bango ta dawo ta haɗu da mai biye da ita. A jikin bango suna taruwa su yi ƙarfi, a tsakiyar ɗaki kuma suna kashe juna. Mu kuwa al'adarmu kujeru a jere jikin bango, yara a tsakiya. Ga shi gininmu bulo ne da filasta da tayil, ba ya shan bes, mayar da shi yake yi.

Ana iya lissafa inda ɗaki ke kumbura sauti: a ninka tsawon bango a mita sau biyu, a raba 343 da abin da ya fito. Ƙafa 16 mita 4.9 ce, ta ba da wajen 35Hz. Ƙafa 12 mita 3.66 ce, ta ba da wajen 47Hz. Naki ma da sauƙi tunda lambobin sun bambanta. Malamin Unguwar Dosa da ke sama, da tsawo da faɗin falonsa duk 47Hz suke bugawa, don haka shi wannan amsa ta fi shafa.

Ƙara boliyum ba ya cike ramin tsakiya, domin igiyar da ke dawowa ita ma ƙaruwa take yi. Canjin wuri ne magani. A fitar da wufar daga kusurwa tukuna, saboda kusurwa ita ce ke tayar da duk kumburin ɗakin lokaci ɗaya. A ɗora ta a kan kujerar da kike zama, a kunna kiɗa mai bes da ke hawa da sauka, a sa shi yana maimaituwa. Sai ɗaya daga cikin samarin gidan, ba ke ba, ya durƙusa ya bi gefen bangon da rarrafe, kunnensa kusa da ƙasa, yana tsayawa a duk inda za a iya ajiye akwatin. Ba inda ya fi ƙara ake nema ba. Ana neman inda kowane bugu ke fita daban, babu wanda ya kumbura ya danne saura, babu wanda ya ɓace. Nan za a ajiye ta, abin da ya ji a wurin shi za ki ji a kujera. Sau da yawa wurin yana faɗowa a bangon talabijin, tsakanin kusurwa da tsakiyar bangon. Kujerar ma in za ta matso gaba da ƙafa ɗaya daga bango, za ki ji bambanci.

Bayan wuri sai maɓallan baya, uku ne. Na kurosoba shi ke tsayar da iyakar da wufa ke karɓar aiki daga sifiku, a fara da 80Hz. Ƙasa da haka kunne ba ya gane daga ina bes ke fitowa, shi ya sa ake iya ɓoye akwatin gefen kujera. In sifikun 'yan mitsi-mitsi ne masu inci 3, sai an hau 120, kuma a lokacin dole wufar ta zauna kusa da talabijin, in ba haka ba za a ji kaurin muryar mai labarai na fitowa daga gefe. In akwai risiba, wato amfilifayar da ake haɗa sifiku da wufa a jikinta, mai saita kurosoba da kanta, a murɗa na jikin wufar zuwa ƙarshe, kada a tace sauti sau biyu. Na biyu shi ne mai lamba 0 da 180, mai daidaita bugun wufa da na sifiku. Ki zauna a kujerarki, wani ya riƙa juya shi, a bar shi inda bes ya fi cika. Na uku boliyum: a mayar da shi ƙasa, a riƙa ƙarawa har a fara jin wufar daban, sannan a ɗan rage. Galibi bai kai rabi ba.

Karkarwar taga kuwa gyaranta daban. A sauke manhajar gwajin sauti a waya, a riƙa hawa a hankali daga 30Hz zuwa 100Hz, duk abin da ya amsa a dafa shi da hannu a tabbatar. Tagar alminiyam mai zamewa, gilashin kabad ɗin kwanuka, agogon bango da silin ɗin roba su ne aka fi kamawa. Yankin robar tayar keke ko soso a cusa a inda ke da sako-sako. Kada kuma a saka wufa cikin teburin talabijin don neman wuri, teburin gaba ɗaya ne zai koma ganga.

TAMBAYA: Na ga wata wufa ta gwanjo 'yar Amurka, sunan kamfani mai kyau, da araha. Me zan duba?
Daga wani ɗalibi, Kinkinau

AMSA: Ɗan'uwa, fara da rubutun wuta kafin komai. Wutar Amurka bolt 120 ce mai 60Hz, tamu 230 mai 50Hz. In an rubuta 120V kaɗai, kana sa ta a soket ta ƙone nan take. Mai 100 zuwa 240V ba matsala. Wasu suna da ɗan maɓallin sauyawa tsakanin 115 da 230, a tabbatar yana kan 230 kuma an sa fiyus ɗin da ya dace da shi. Mai 120V zalla sai da taransifomar rage wuta, wadda ƙarfinta ya ninka abin da wufar ke ja, ka ga an ƙara kuɗi, an ƙara akwati a ɗakin da ba wuri, ga haɗarin ranar da wani zai zare ya sa kai tsaye. Mu dai ba ma ba da shawararta sai in arahar ta kai araha.

Sannan cire murfin gaba. Zoben da ke kewaye da takardar, in na soso ne, shafa shi da yatsa. Tsohon soso yana marmashewa, zafinmu na Maris da Afrilu kuma yana ƙarasa shi. Na roba ya fi daɗewa. A kashe wufar, ka buɗe yatsunka kewaye da tsakiyar takardar ka tura a hankali. Ta shiga ta fito shiru. In ka ji ƙarar gogayya, koyil, wato naɗaɗɗiyar wayar da ke motsa takardar, ya taɓa zafi ko ya karkace. Sansana bakin hujin, ƙaurin ƙonewa ba ya ɓuya. Haska tocila ciki, domin ɓera da kyankyaso suna son wurin. Duba ƙasan akwatin: katakon garin itace ne, in ya sha ruwa yana kumbura, gam ya saki, iska ta riƙa tsiyaya. Wannan ma gargaɗi ne ga mai goge tayil da ruwa, a ɗaga ta kan ƙafafun roba.

Daga nan a kunna ta minti 15 zuwa 20 da ɗan ƙarfi, ba minti ɗaya na mai shago ba. Gwada 30, 40, 50, 63 da 80Hz daga wayarka. Ƙarfen baya ya yi ɗumi ba laifi, amma in hannu ba ya iya zama a kai, ko ta ɗauke ta dawo da kanta, bar musu kayansu. Canza zobe ƙaramin aiki ne wurin mai gyaran sifika. Amfilifayar ciki ce mai wahalar samun kayan gyara.

TAMBAYA: Tawa tana wani gurnani ko ba a kunna kiɗa ba, kuma ya fi yawa in muna kan inbata.
Daga wani magidanci, Barnawa

AMSA: Alhaji, zare wayar RCA daga bayanta ka bar ta a kunne. In gurnanin ya tsaya, daga waje yake shigowa. Mayar da wayar, ka kwance wayar dish daga dikoda. In ya tsaya a nan, to wayar ƙasa ta dish da ta gidan ba su daidaita ba, ɗan bambancin ne ke zagayawa ta wayar sauti yana fitowa a 50Hz, daidai inda wufa ta fi ji. A haɗa talabijin, dikoda, amfilifaya da wufa a ekistenshin ɗaya mai kyau, a raba wayar sauti da wayoyin wuta, in bai tafi ba a sa 'yar na'urar raba ƙasa da ake sayarwa don layin RCA. Abin da ba za a yi ba shi ne karya ƙafar filogi ta uku, wadda ita ce ta wayar ƙasa. Gurnani zai iya tafiya, amma ranar da waya ta taɓa ƙarfen baya, mutum ne zai zama hanyar wutar.

In gurnanin bai tsaya ba ko da an zare komai, a wutar NEPA ma yana nan, kafasitocin ciki ne suka gaji, sai mai gyara. In a inbata kaɗai yake, duba jikinta. Masu arahar nan ba sa fitar da wuta mai santsin igiya irin ta layi, a datse take fitowa, tana sa taransifoma kuka da zafi. Kayan sauti inbata mai tsantsar igiya suke so. Sitabilaiza yana gyara hawa da saukar bolt ne kawai, ba ya gyara wannan. A kuma saba da kashe wufa in an ɗauke wuta, a kunna ta a ƙarshe bayan wuta ta zauna.

TAMBAYA: Maƙwabcina na ƙasa ya yi min magana sau biyu. An ce in manna kwalin ƙwai a bango.
Daga wani ango, Tudun Wada

AMSA: Ango, kada ka ɓata fentin amarya. Kwalin ƙwai, labule da kafet ba sa tare bes, sirarin sauti kawai suke ɗan ragewa. A bene, kaso mai yawa na abin da ke damunsa ta dakalin siminti yake bi. Ɗora wufar a kan soso mai tauri mai kaurin inci biyu, da katako a samansa, ko ƙafafun roba masu laushi. Janye ta daga bangon da kuka haɗa da kowa. Dabarar da ta fi aiki ita ce ka kawo ta dab da kujerarka, gefe ko baya, cikin mita ɗaya. Kai za ka ji ta sosai a boliyum kaɗan, abin da ke isa ƙasa ya ragu. Masu sifiku biyu da ke juya wa juna baya, irin KEF KC62 da SVS 3000 Micro da muka ambata a amsar farko, akwatinsu ba ya girgiza sosai don motsin ɗaya yana kashe na ɗayan. Duk da haka abin da ya bi iska zai ratsa. Bayan sallar isha'i ka rage, ko ka kashe wufar ka bar sifiku, sannan ka sauka ɗakinsa wata rana kiɗa na tashi ka ji da kunnenka.

TAMBAYA: Sola nake amfani da ita. Zan iya sa siririyar wufar mota, irin ta ƙarƙashin kujera, a ɗakina?
Daga wani tela, Rigasa

AMSA: Za ka iya, Malam, kuma ga mai ƙaramin ɗaki tana shiga ƙarƙashin gado ko benci. Sai dai ka san ba ta sauka ƙasa sosai, don an yi ta ne da lissafin cikin mota, wanda ya fi kowane ɗaki ƙanƙanta. Za ka samu bugu, ba za ka samu rugugi ba.

Wutar ce wurin kula. Bolt 12 take so, kuma mai wat 150 RMS tana iya jan amfiya 15 in ta ɗauki zafi. Cajar batir ba ta dace ba, wutarta ba tatacciya ba ce, gurnani za ka sha. Ja waya mai kauri kai tsaye daga batir, gajeriya, ka sa fiyus a wayar ja dab da kan batirin, mai lamba daidai da wanda ke jikin wufar. Akwai siririyar waya, galibi shuɗiya, mai rubutun REM. Sai ta samu bolt 12 wufar ke tashi, don haka ka bi da ita ta kan ɗan makunni, in ba haka ba za ta kwana tana shan batir. In tsarinka na bolt 24 ne mai batir biyu a jere, kada ka ɗiba daga guda ɗaya, zai riƙa gajiya kafin ɗan'uwansa har su lalace tare. Sayi na'urar da ke sauke 24 zuwa 12 mai ɗaukar amfiya 20 ko sama.